Likitan dabbobin da ya duba min doki a Zariya

Gaskiya na yaba aikin likitan nan. Dokina ya ji ciwo a ƙafa bayan hawan sallah, ciwon ya yi ruwa, penisilin ta ƙi ci, sai da ya ɗebi mugunyar ya kai lab, wato ɗakin gwaji, aka gano MRSA ce, ƙwayar cutar nan mai taurin kai da ba ta jin magunguna irin su penisilin. Bayan ya warke ma ya ce Alhaji a gwada hancinsa, don ƙwayar kan zauna a nan doki yana lafiya lau kuma tana kama mai kula da shi, a ware shi a riƙa wanke hannu. Akwai tsada kam, sakamako ya yi jinkiri, amma wallahi zan koma.