Zaɓen Manhajar Ƙididdigar Kwamfutoci: Abin da Ya Kamata Ma'aikatun Katsina Su Duba Kafin Su Yanke Shawara

An taɓa kirana wata makaranta a cikin birnin Katsina domin in duba ɗakin kwamfuta, ana gab da jarrabawa, na'urorin kuma sun yi nauyi. Mai kula da sito ya miƙo mini littafin kaya, wani babban rajista mai baƙin bango wanda aka ja wa layi da jan biro, kuma a gaban kowace kwamfuta an rubuta cewa tana da gigabayit 8 na RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Da na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kunnawa, sai na tarar wasu daga ciki gigabayit 4 ne kawai a jikinsu. Shugaban makarantar, dattijo mai natsuwa, ya dube ni ya ce, "To Malam, yaushe aka cire, kuma wa ya cire?" Na ce, "Ranka ya daɗe, babu mai iya faɗa, domin ranar da ɗan kwangila ya sauke kayan kwalaye aka ƙirga, ba a leƙa cikinsu ba." Mai yiwuwa ne haka aka kawo su tun farko, mai yiwuwa kuma wani mai gyara ne ya musanya, amma littafin ba ya da amsar ko ɗaya.

Wannan giɓin ne manhajojin ƙididdigar kayan kwamfuta suke cikewa. Aikinsu shi ne su tambayi kowace na'ura sunan kamfanin da ya ƙera ta, da samfurinta, da lambar siriyal, da nau'in furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da yawan RAM, da girman faifan ajiya, da irin Windows ɗin da ke kanta, sannan su tara amsoshin a wuri guda su riƙa sabuntawa. Yana da kyau mai saye ya sani cewa kusan dukkansu rijiya ɗaya suke ɗebowa: masu ƙera kwamfuta suna rubuta da yawa daga cikin waɗannan bayanai a cikin allonta bisa wani tsari da ake kira SMBIOS, Windows kuma yana fitar da su ta hanyar WMI, a Linux kuwa umarnin dmidecode yake nuna su. Saboda haka bambancin manhaja mai tsada da ta kyauta ba a ingancin lambar siriyal yake ba, yana ga yadda ake ɗebo bayanin, da inda ake ajiye shi, da wanda zai riƙa kula da tsarin.

Akwai kuma dalilin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Tun 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina bai wa Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum, Windows 11 kuma yana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, da RAM aƙalla gigabayit 4, da wurin ajiya gigabayit 64, da furosesa wanda a ɓangaren Intel galibi ya fara daga zubi na takwas. Duk wanda ya san kwamfutocin gwanjo da suka cika ofisoshinmu ya san da yawansu 'yan zubi na shida ne ko na bakwai. Ma'aikatar da ba ta san guda nawa ne za su iya hawa ba, kasafin kuɗinta zai zama kintace.

Tambayar farko da ya kamata a warware, tun kafin a ambaci sunan kowace manhaja, ita ce ta yadda za a isa ga na'urorin. Hanya ta farko ita ce a sanya wa kowace kwamfuta wata ƙaramar manhaja, wadda zan kira ɗan aike, ta riƙa tattara bayani da kanta tana aikawa ga uwar garke, wato babbar kwamfutar da ake tara bayanan a cikinta, duk lokacin da ta samu hanya. Ta biyu ita ce uwar garken ta riƙa zagaya layin sadarwar ofis tana ƙwanƙwasa ƙofar kowace na'ura da kalmar sirrin mai gudanarwa, ba tare da an sanya komai ba. Hanya ta biyu ta fi daɗin ji a bakin ɗan talla, domin cikin sa'a guda za ta cika allo da sunaye, har da firinta da akwatunan rarraba intanet waɗanda take karantawa ta hanyar ƙa'idar sadarwa da ake kira SNMP. Sai dai tana da sharaɗi guda mai nauyi: dole na'urar ta kasance a kunne, kuma a kan layin, a daidai lokacin zagayen. A garin da wuta take zuwa ta tafi, ake kashe janareta da zarar an tashi aiki, jami'ai kuma suke tafiya gida da laftof ko su wuce rangadi Funtua ko Daura, zagayen zai riƙa tsallake wasu na'urori na tsawon makonni. Ƙari a kan haka, yawancin ƙananan ofisoshinmu ba su da tsarin Active Directory mai sarrafa asusun shiga da kalmomin sirri daga wuri guda, kowace kwamfuta da tata kalmar sirri, wasu ma an manta wanda ya sanya. A ganina, ga duk ma'aikatar da ke da rassa ko laftof masu yawo, ɗan aike ya fi dacewa, a bar zagaye ga firinta da makamantansu.

Mafi sauƙin zaɓi shi ne takardar Excel, kuma bai kamata a raina ta ba. Ofishin da ke da kwamfuta goma ko ashirin zai iya cike ta a yini ɗaya da taimakon msinfo32, manhajar Windows mai nuna bayanan na'ura, ko wani gajeren umarni na PowerShell. Raunin ta shi ne ranar da aka rubuta ta kaɗai take da gaskiya, bayan nan sai abin da mutum ya tuna ya gyara.

Mataki na gaba shi ne Snipe-IT, manhaja ce ta kyauta wadda ma'aikata za ta iya ɗorawa a uwar garkenta, ko ta biya kamfanin ya riƙe mata a intanet. Dole a fahimci cewa ita ba ta leƙa cikin kwamfuta da kanta. Littafin sito ce na zamani. Tana rubuta wanda aka miƙa wa na'ura da ranar da ya karɓa, tana neman ya amince cewa ya karɓa, tana fitar da sitika mai lambar QR da za a manna a jiki, tana kuma riƙe ranar saye da ƙarewar garanti. Idan damuwarku ita ce laftof ɗin da ke bin ma'aikaci idan an yi masa canjin wurin aiki, ko tambayoyin odita a ƙarshen shekara, to ta wadatar. Amma da a ce da ita ake amfani a makarantar da na ambata, da ita ma ta ci gaba da nuna gigabayit 8.

GLPI ce ta fi kusa da haɗa ɓangarorin biyu, shi ya sa zan ɗan daɗe a kanta. Asalinta daga Faransa ne, an fara ta a 2003, kamfanin Teclib' ne yake jagorantar ci gabanta yanzu, kuma tun fitowar zubi na 10 a 2022 take karɓar bayanan ƙididdiga kai tsaye daga ɗan aikenta mai suna GLPI Agent, wanda yake aiki a Windows da Linux da macOS. Kafin wannan, mutane da yawa sukan haɗa ta da OCS Inventory, wata manhajar kyauta ita ma daga Faransa, wadda har yanzu tana nan ga mai son tattara bayani zalla. Abubuwa biyu ne suka sa nake fifita GLPI a yanayinmu. Na farko, tana riƙe tarihin kowace na'ura, ta yadda idan jiya RAM ya nuna 8 yau ya koma 4, za a ga ranar da sauyin ya bayyana, a duba ko ta yi daidai da ranar da aka kai ta wurin gyara. Na biyu, ɗan aikenta yana iya ajiye rahoto a fayil ba tare da wata sadarwa ba, sai jami'i ya kwaso a filashi daga wani reshe da ke Baure ko Mai'adua, ya zo hedikwata ya loda. Tana kuma ɗauke da sashen karɓar koke, inda ma'aikaci zai rubuta cewa kwamfutarsa ta lalace, koken ya maƙale da tarihin na'urar, har a gane wadda ke cin kuɗin gyara fiye da darajarta.

Amma kalmar kyauta tana yaudara. GLPI tana buƙatar uwar garke mai PHP da MySQL ko MariaDB, wanda ke nufin kwamfuta guda da ba za a kashe ba, da inbata ko sola da za ta riƙe ta, da ɗakin da ƙurar hunturu da zafin bazara ba za su kashe ta ba, da kwafin ajiya a wani wuri daban. Fiye da duka tana buƙatar mutum. Na ga inda matashi mai yi wa ƙasa hidima ya kafa tsari mai kyau, ya gama shekararsa ya tafi da kalmar sirri a kansa, aka koma wa rajista mai baƙin bango. Idan babu ma'aikacin dindindin da zai riƙe ta, da wani na biyu da ya san abin da na farko ya sani, gara kada a fara.

Lansweeper, na wani kamfanin Beljiyam, shi ne gwani a hanyar zagaye, ko da yake yana da nasa ɗan aiken don na'urorin da ke waje. Rahotanninsa a shirye suke, kuma kafa shi bai kai wahalar GLPI ba. Yana da tsarin kyauta ga na'urori har 100, sai dai firinta da kayan sadarwa ma suna shiga lissafi, don haka cibiyar jarrabawa ta kwamfuta mai kujeru fiye da 200 ta wuce iyakar tun ranar farko. Daga nan kuma sai biyan kuɗi duk shekara da kuɗin waje, kuma duk wanda ya riƙe kasafi tun bayan da aka saki darajar naira a Yunin 2023 ya san cewa abin da aka amince da shi a Janairu ba lalle ya biya lasisi a Disamba ba. Ya kamata a karanta sharuɗɗan farashin a ranar saye, domin suna sauyawa.

Na Microsoft guda biyu ne. Configuration Manager, wanda aka daɗe ana kira SCCM, yana tattara bayanan kaya duk kwana 7 idan ba a sauya saitin ba, kuma yana iya tura manhajoji da sabuntawa ga dubban na'urori, amma yana buƙatar Windows Server da SQL Server da Active Directory, sannan Windows Home da ke zuwa a kan laftof da yawa ba ya shiga irin wannan tsarin. Wannan kayan babbar jami'a ne ko banki. Intune kuwa a intanet yake zaune, ana biyansa bisa yawan ma'aikata, kuma yana cikin kunshin Microsoft 365 Business Premium, saboda haka ƙungiyar da ta riga ta mallaki wannan lasisi ta fara duba abin da ke hannunta kafin ta nemi wani.

Akwai wata matsala da babu ɗan talla da zai faɗa muku, kuma ta shafi dukkan manhajojin. Kwamfutocin da aka harhaɗa a shago, da wasu da aka sauya wa allo, sukan zo ba tare da lambar siriyal ta gaskiya ba, a gurbinta sai a ga "Default string" ko "To be filled by O.E.M." Manhajar da ke bambance na'urori da wannan lamba za ta iya ɗaukar kwamfutoci goma a matsayin guda ɗaya, tana shafe bayanin wannan da na waccan. Maganinsa shi ne ma'aikata ta ba kowace na'ura lambarta ta gida, ta manna sitika, ta sanya wannan lambar a matsayin sunan kwamfutar, sannan a gyara ƙa'idar tantancewa a cikin manhajar. Haka kuma, tunda rahoton yana ɗauke da sunan wanda ya shiga na'ura da manhajojin da ya sanya, ya taɓa bayanan mutane, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kansa. A sanar da ma'aikata abin da ake tattarawa, a taƙaita masu iya gani, a kuma tambayi inda za a ajiye shi idan a rumbun wani kamfani na waje ne.

Shawarata ga makaranta, asibiti ko ofishin ƙaramar hukuma mai kwamfutoci daga hamsin zuwa 'yan ɗaruruwa ita ce GLPI da ɗan aikenta, muddin akwai mutum biyu da za su riƙe ta. Wanda bai kai haka ba ya tsaya a Excel ko Snipe-IT, ya riƙa bin na'urorin da ido sau biyu a shekara. Kowacce kuka karkata gare ta, ku gwada ta na wata guda a kan kwamfutoci kamar goma sha biyar waɗanda aka zaɓo da gangan: tsohuwa da sabuwa, ta harhaɗawa, laftof mai kwana a gida, da ɗaya daga reshe mai nisa. A tsakiyar watan ku buɗe guda ku zare RAM ɗaya ba tare da kun gaya wa kowa ba, ku ga kwana nawa za a yi kafin sauyin ya bayyana a allon mai kula da tsarin.