Rimot na hannu ko manhajar waya, wanne zai fi wa Hajiya?

Jiya bayan isha'i wani yayanmu da ke Jarwal a Makka ya kawo tambaya. Ya haɗa laftof da talabijin ta wayar HDMI domin mahaifiyarsa ta riƙa kallon tafsiri, amma ciwon gwiwa ya matsa mata, duk sa'ad da take so a tsayar da karatu sai ta ƙwala wa jika kira. Shin ya sayi rimot ne, ko ya sa manhaja a waya?

Yaya, Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Duka biyun na yi amfani da su a gidanmu nan Jidda.

Shi rimot kansa iri biyu ne. Akwai mai aiki da hasken infirared, irin na talabijin da na'urar sanyaya ɗaki, wanda sai ka nuna shi saitin idon na'ura, yaro ya gitta saƙo ya yanke. Yawancin kwamfutocin yanzu ba su da wannan idon, sai an sayo mai karɓa an soka a USB, kamar Flirc, wanda ke koyon kusan kowane tsohon rimot da ke gida. In an nuna maka tsofaffin rimot na Windows Media Center a kasuwa, ka tuna Microsoft ta cire manhajar tun fitowar Windows 10 a 2015.

Na biyun shi nake so ka duba da kyau: mai aiki da zangon rediyo na 2.4GHz, wanda ke zuwa da ɗan mitsitsin USB. Ka soka, shi ke nan, kwamfuta za ta ɗauke shi a matsayin kibod da linzami. Yana kai wajen mita 10, ba sai an nuna shi saitin na'ura ba, ko hannun Hajiya na cikin bargo zai yi aiki. Inda yake ba da wahala shi ne kibiyar linzami da ke bin motsin hannu a kan allo. Mahaifiyata hannunta na ɗan rawa, sai kibiyar ta yi ta yawo a kan fuskar malamin, har ta ajiye rimot ɗin ta ce a bar shi. Da na kashe kibiyar da maɓallinta, aka zauna lafiya. Ka kuma kula, ramin USB 3.0, mai shuɗin ciki, yakan yi wa wannan zango kutse. In ka ga yana yankewa, mayar da ɗan USB ɗin wani ramin.

Waya kuwa ta fi shi iya aiki nesa ba kusa ba, kuma ba sai ka sayi komai ba. Manhajojin Unified Remote da KDE Connect duk suna yi, muddin ka sa su a kwamfutar ma kuma waya da kwamfutar waifai ɗaya suke kai. KDE Connect har tsayar da bidiyo yake da kansa in kira ya shigo. Kana kwance za ka rubuta sunan sura ka nemo. To amma kafin a buɗe makullin waya, a lalubo manhaja, a gano inda za a taɓa a kan gilashin da yatsa ba ya jin komai, ai malam ya wuce ayar. Kuma ranar da ka sauka Harami, wayar na aljihunka.

Don haka Hajiya a saya mata na rediyon, mai manyan maɓallai kaɗan da batir AAA. Kai ka riƙe manhajar don kanka, ba sa hana juna aiki. Kafin ka fita ka bar manhajar kallon bidiyo ta VLC a buɗe, shi ne a gaba, ka danna F ya cika allo. Ni ɗigon jan farce na sa wa mahaifiyata a kan maɓallin tsayarwa, da ta ji kiran salla take lalubo shi da babban yatsa ba tare da ta nemi tabarau ba.