Tsinken gwajin fitar ƙwai: wa zai amfana, wa zai ɓata wa lokaci

A kemis-kemis na Sabon Gari da Samaru da Tudun Wada a Zariya ana sayar da wani tsinke mai kama da na gwajin ciki, an rubuta LH a ledarsa, wato sinadarin jiki da ke ƙaruwa a fitsari dab da fitar ƙwai. Aikinsa nuna ranar da ƙwai ke shirin fita. In layin T (na gwaji) ya yi duhu kamar layin C (mai nuna tsinken na aiki) ko ya fi shi, ƙwai zai fita cikin awa 24 zuwa 36, sai a sadu a daren da kuma washegari. Layi dishi-dishi ba komai ba ne. Nan mata da yawa ke ruɗewa, don sun saba da tsinken ciki, wanda ko inuwar layi ya nuna an samu.

Mai al'ada duk kwana 28 ta fara gwaji a rana ta 11, tana ƙirga daga ranar da jini ya zo. Fitsarin hantsi zuwa yamma ya fi na asuba, a rage shan ruwa awa biyu kafin nan, kada a tsoma ya wuce alamar MAX, kuma a karanta cikin mintunan da takardarsa ta faɗa. A duba ranar lalacewarsa. Wanda ya sha zafin bazara a kan kanta ma ba abin yarda ba ne.

Ga 'yar shekara 25 mai al'ada a kan lokaci, kaya ne mai kyau da araha. Daga 35 ne muke jan kunne. Tsinken lokaci kawai yake faɗa, bai san lafiyar ƙwai ba, alhali da shekaru ƙwai ke raguwa, ingancinsa na faɗuwa, ɓari na ƙaruwa. Mai kusantar ɗaukewar al'ada, da mai cutar PCOS (matsalar da ke rikita al'ada da fitar ƙwai), da wadda ta gama shan Clomid (maganin sa ƙwai ya fita) kwana ɗaya ko biyu da suka wuce, duk yana iya nuna musu layi mai duhu na ƙarya.

'Yar'uwa, in kin kai 35, wata shida ana neman ciki ba a samu ba ya isa, in kuwa 40 ce kada ki jira. Ki je sashen mata a asibitin koyarwa na Shika ko Gambo Sawaba da ke Kofar Gayan, a yi gwajin jini na AMH mai nuna yawan ƙwan da ya rage, da hoton bututun mahaifa. Ko dashen ƙwai na IVF, nasararsa da ƙwanki na raguwa ƙwarai bayan 40. Maigida ma ya bayar da maniyyi a auna, bayan ya ƙaurace wa saduwa kwana 2 zuwa 7.