Kwilt na Amurka: na hannu, na keke ko na kamfani?

Kwilt bargo ne mai hawa uku: fuska da aka harhaɗa da ƙyallaye, auduga ko makamancinta a tsakiya, shafi a baya, ɗinki kuma ya ratsa su duka. Kafin adon fuska ya ɗauke maka hankali, juya bayansa. A can ake gane aiki.

Na hannu ya fi tsada, kuma ya cancanta, don babba ɗaya kan ci watanni. Matan Amish, wata al'ummar Kirista mai rayuwar gargajiya, na gundumar Lancaster a jihar Fensilbaniya sun yi suna a kansa. Ɗora tef ka ƙirga: ɗinki 6 zuwa 8 a inci guda aiki ne mai kyau, 10 zuwa 12 kuwa sai gwanaye. Amma ba duk wanda aka liƙa wa sunan Amish a shago ne su suka ɗinka ba, don haka tambayi wanda ya yi da inda aka yi. Na ƙauyen Gee's Bend a jihar Alabama, wanda mata baƙar fata suka harhaɗa da tsofaffin tufafin gona, layinsa ba ya miƙewa, kuma kyansa ke nan. Tun da aka baje kolinsa a birnin Houston a 2002 darajarsa ta tashi. Irin wannan a bango ake rataye shi, inda rana ba ta duka.

In na shimfiɗar yau da kullum kake so, ɗauki na keke. Ɗinkinsa ya fi jure wanki. Duba dai haɗin ƙyallayen: rubu'in inci ake bari, in ya gaza haka bakin yadin zai zare ya ɓarke.

Na kamfani yana da araha, sai dai sau da yawa zanen bugawa aka yi a kan yadi guda. Shafa da yatsa, in ba ka ji tudun haɗi ba, bugu ne.

Sai abin da ke ciki. Auduga zalla tana shan iska, amma takan tsuke da kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a wankin farko, fuskar ta ɗan yamutse. Foliyesta ba ta tsukewa, sai dai tana riƙe zafi, silinta kuma kan leƙo ta baƙin yadi. Gaurayen auduga kashi 80 da foliyesta kashi 20 shi muka fi ba da shawara. Ulu sai wurin sanyi.

Jan yadi ya fi zuba. Goga farin ƙyalle mai danshi a kansa, in ya ɗauko launi, kada ka saya don gado.