Zulip: Zauren Hira Mai Adana Magana

Duk wanda ya taɓa sa hannu a aikin buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa ke da damar duba lambobinta ya kuma gyara, ya san ciwon da ke tattare da zauren hira: mutum zai kwanta barci, kafin gari ya waye masa abokan aikinsa da ke wata nahiya sun tattauna sun yanke shawara, maganar kuma ta nutse a ƙarƙashin ɗaruruwan saƙonni. Da wannan ma'auni na auna Zulip, manhajar da kamfanin Dropbox ya saya a 2014, ya kuma saki lambobinta ga jama'a a 2015 bisa lasisin Apache, wanda ke bai wa kowa izinin amfani da su da gyara su.

Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne, a kowane zaure ana ɗora saƙo a ƙarƙashin kan magana, ta yadda muhawara a kan wani kuskure ba za ta cuɗanya da zancen ranar fitar da sabon zubi ba. Wanda ya yi kwana uku bai leƙo ba yana iya zaɓar batun da ya shafe shi ya karanta daga tushe, ya bar sauran. Idan zance ya kauce, ana iya kwashe saƙonnin a mayar da su inda suka dace, idan kuma an warware matsala sai a sa wa batun alama. Ana ma iya buɗe zaure ga wanda bai yi rajista ba, abin da nake ganin ya fi komai amfani ga aikin da ke iƙirarin ba ya ɓoye komai. Wajen adana magana kuwa, ta yi wa Slack, wata manhajar hira ta wuraren aiki, fintinkau, domin tun 2022 tsarinsa na kyauta saƙonnin kwana 90 kaɗai yake nunawa. Masu gina Rust, wani harshen rubuta manhaja, da jama'ar Lean, manhajar tabbatar da hujjojin lissafi, suna cikin waɗanda suka rungume ta.

Sai dai tana da nauyi ga sabon shiga, kuma idan babu mai gyara kan magana a kai a kai, zauren kan koma kasuwa. Babban abin da ba ta magance ba shi ne gaggawa, domin mai saurin hannu da yawan lokaci har yanzu shi ake ji, mai nazari kuwa yakan iso an riga an watse. Su kansu mutanen Rust ba a zaure suke zartar da manyan sauye-sauye ba: ana rubuta shawara a GitHub, shafin da ake ajiye lambobin manhaja, a ba da wa'adin kwana 10 domin jin ra'ayin ƙarshe. Gidauniyar Apache, mai kula da ayyukan buɗaɗɗun manhajoji, ita ma takan bar ƙuri'a a buɗe na aƙalla awa 72.

Ina ba duk ƙungiyar da ke neman wurin tattaunawa shawarar ta gwada Zulip, musamman da yake tana iya ɗora ta a kan uwar garkenta, wato babbar kwamfutar da ke adana bayananta, amma ta rubuta a dokokinta tun ranar farko inda ake kaɗa ƙuri'a da tsawon wa'adin jira.