Kafin ka sa kuɗi a kayan tsirar da ZnO: obin ko murhun bututu?

Ɗalibanmu da ke Zahran da Jidda da Riyad, in aka ba su aikin tsirar da sandunan ZnO (zinki oksaid) masu kaurin nanomita don na'urar gano hasken UV (ultraviolet, wanda ido ba ya gani), abin da suke fara tambaya shi ne wane kaya za a saya. ZnO yana da gibin makamashi (band gap) na 3.37 eV, shi ya sa yake ba da haske a wajen 380 nm.

Ni dai hanyar ruwan zafi nake goyon baya. Obin mai riƙe zafi daidai, kwalbar Duran mai murfi, da sikeli mai auna miligiram sun isa. Ka narkar da zinki asitet 5 mM (milimola a kowace lita) a itanol, ka shafa a gilashin da za ka tsirar da sandunan a kai, ka gasa a 350°C na minti 20. Wannan ne irin da sandunan za su tsira a kai. Sai ka haɗa zinki naitiret da HMTA (sinadarin hexamine) a ruwa, kowanne 25 mM, ka kifa gilashin fuskarsa ƙasa, ka bar shi a 90°C awa 3 zuwa 6. In ka ajiye shi fuska sama, farin gari zai zube ya rufe maka komai. A wannan zafin ba ka buƙatar tukunyar matsi, duk da dillalai za su ce dole ne. Aibin wannan hanya shi ne a awon PL (awon hasken da samfur ke fitarwa in an haska shi) za ka ga faffaɗan haske ruwan ɗorawa, alamar lahani a kiristal, amma gasawa bayan tsiro tana rage shi.

Murhun bututu yana ba da kiristal mafi tsabta: garin ZnO da girafait kai da kai, wajen 900°C, iskar argon, da ɗan shafen zinariya. Sai dai matsar da samfur da santimita biyu kan canza sakamako, kuma gilashi ba ya jure wannan wuta. MOCVD kuwa, wato tsirarwa da tururin sinadaran ƙarfe, ka manta da shi. Sinadarinsa na zinki yana kama wuta da ya taɓa iska.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen ƙananan kaya. Ana sayar da bututun gilashin borosiliket da sunan kwaz (quartz, gilashi mai jure zafin murhu), alhali yana laushi a wajen 820°C, sai ka tarar ya lanƙwashe da samfurinka a ciki. In ka sayi tukunyar matsi, wasu ƙarfe mai lamba 201 ne aka buga wa lambar 304 mai inganci, kuma maganaɗisu ba zai tona asirin ba, don duka biyun ba sa kamawa sosai. Ka nemi takardar shaidar ƙarfen. Kwanon Teflon na ciki kada ya wuce 220°C, kada a cika shi fiye da kashi biyu bisa uku. Gilashin FTO, mai shafen da ke wuce da lantarki, ka ɗora masa mitar awon lantarki tun mai kawowa bai tafi ba, gefe ɗaya ne ke wuce da lantarki. Wani zai kawo ITO, wani irin gilashin mai shafe, ya ce duk ɗaya ne, amma ITO yana rasa ingancinsa in an gasa shi a iska sama da 350°C.

Zinki naitiret yana shan danshi, kuma kun san raɓar Jidda da Dammam. Kwalbar da ta iso a dunƙule ko a jiƙe, ka mayar, don awonka ba zai yi daidai ba. Ka sayi ƙarama mai hatimi da lambar rukuni. Ruwa kuma sai tatacce tsantsa mai 18.2 MΩ·cm; na famfo, ko da na tacewar teku ne, yana ɗauke da gishirin da zai sauya siffar sandunan.