Aswaki ko buroshi da makilin: wanne za a riƙe wa yara?

Hajiya, kin ce maigida aswaki kawai yake yi, ya haura hamsin bai taɓa ciwon haƙori ba, ga yaranki kullum da buroshi amma autarki har ta yi kogo a turmi. Kina tambaya ko ki watsar da buroshin ki saya musu aswaki. Kada ki watsar.

Ƙarfin aswaki yana cikin yawan yinsa. Wanda ya riƙi hadisin nan na Bukhari da Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya ce ba don gudun tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da aswaki a kowace salla, sau biyar yake goge baki a yini. Farin dattin nan mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori ba ya samun sukunin daskarewa. Itacen arak da ake yin aswakin da shi kuma yana da sinadaran da ke rage ƙwayoyin cuta, ga araha, a ƙofar Masallacin Juma'a na Jos ma sai ki zaɓa.

Matsalarsa siffarsa. Gashinsa a miƙe yake da sandar, don haka haƙoran gaba ne ke cin moriyarsa. Turamen can ciki da bangon da ke fuskantar harshe, sai mai haƙuri ke kai musu. Wani kawuna, haƙoransa na gaba fari fat, amma ranar da likita ya sa masa ɗan madubi a bayan na ƙasa, wani datti ya gani ya ƙanƙare kamar siminti. Masu dirza da ƙarfi kuma dasashinsu ke janyewa, saiwa ta fito, shi ya sa idan sanyin Disamba ya sauko garin nan, kurɓar ruwan alwalar asuba kaɗai sai mutum ya ji har ƙwaƙwalwa. Yaro ɗan shekara 5 kuwa tauna shi kawai zai yi kamar rake.

Buroshi kansa a lanƙwashe yake, yana shiga lungu. Amma babban abin da ya fi aswaki da shi makilin ne, saboda sinadarin fuloraid da ke ƙarfafa ɓawon haƙori. Ki duba jikin kwalin, ki ga an rubuta tsakanin 1,000 zuwa 1,500 ppm (ma'aunin yawan fuloraid ɗin ke nan). Sai dai yawancinmu ba ma ba shi haƙƙinsa. Minti 2 ake so, sau 2 a rana, mu kuwa sai mu ɗan zuzzuga da safe mu kurkure mu fice. Na dare ya fi muhimmanci, domin yawu yana raguwa a barci, sukarin da ya kwana a baki sai ƙwayoyin cuta su mai da shi tsami mai cin haƙori. In an gama a tofar kawai, kada a bi da ruwa. A sayi mai laushi (ba tukunya ake kankarewa ba), a canza shi duk wata 3.

Yanzu ki kwatanta bakin maigida da na auta. Sau nawa yake shan alawa da biskit da lemon kwalba a yini? Ita fa? Ina zargin nan bambancin yake, ba a sandar gogewa ba.

A gidana haɗawa muke yi: buroshi da makilin safe da dare, aswaki tsakanin salloli. Yaron da bai kai shekara 3 ba, makilin kamar ƙwayar shinkafa ya ishe shi, daga 3 zuwa 6 kamar ƙaramin wake, kuma ki tsaya a kansa kada ya haɗiye. Fuloraid in ya yi yawa lokacin da haƙori ke ginuwa yana bar masa tabo, kamar yadda ake gani a yankin Langtang inda ya yi yawa a ruwan sha.

Kogon da ya riga ya buɗe kam, ba aswaki ba buroshi, sai an cike. Kada ki ce ai na nono ne zai faɗi. Wajen shekara 6 wani turmi ke fitowa a bayan na nono ba tare da ya ture kowa ba, kuma shi na dindindin ne, iyaye da yawa ba sa gane shi. Ki kai ta sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) ko asibitin da ya fi kusa da ke a duba wanne ne ya ɓule, tun bai fara hana ta barci ba.